Takarda, ɓawon kwakwa ko dusar katako: wanne zaka shimfiɗa wa ƙaramar mesa don fatarta ta zauna lafiya?

Masu kiwon mesa a gida a wajenmu basu da yawa, amma 'yan kaɗan ɗin da ke akwai kusan tambayarsu ɗaya ce kullum, wani yace mesarsa tayi saɓa amma rabi ya maƙale a jikinta wane mai zai shafa mata, wani yace cikin tasa yayi ja da wasu tabo masu ruwan ƙasa shin allura za'a mata ko yaya. Kowa magani yake nema. Ni kuma abun da nake fara tambaya shine me ka shimfiɗa mata a ƙasan akwatin, saboda dabbar nan bata da ƙafa, da cikinta take tafiya kuma akan cikinta take kwana, dare da rana fatar cikinta na manne da abun da ka zuba mata. Yawancin matsalar fatar ƙananan mesa daga shimfiɗa da iskar cikin akwati take tasowa, idan ka zaɓi shimfiɗa daidai da wuya ka buƙaci kantin magani.

Mesar da nake magana akai ita ce ƙaramar nan mai dunƙulewa ta cusa kanta a tsakiya idan ta tsorata, wadda masu saidawa ke cewa bol faiton, sunanta na kimiyya Python regius. Ba babbar mesar daji ba mai haɗiye akuya, ita waccan tana kaiwa mita 4 har ta wuce, ba abar ajiyewa a ɗaki bace. Wannan ƙaramar idan ta girma tsawonta bai cika wuce mita 1 da rabi ba, jaririyarta kuwa nauyinta baya kai giram 100 yawanci, kuma idan aka kula da ita tana yin shekara 20 zuwa 30. 'Yar Afirka ta Yamma ce, daga Gana da Togo da Jamhuriyar Benin ake fitar da mafi yawan waɗanda ake kaiwa Turai da Amurka, kuma akwai ta a dazukan Najeriya da Kamaru har zuwa wajen Sudan ta Kudu.

Anan ne mutane ke yin kuskuren lissafi, sai kaji ance ai 'yar gida ce, iskar da muke shaƙa ita take shaƙa, meye na wani auna danshi. Toh a daji ba a fili take wuni ba. Ramin ɓera da na gafiya da tsohon suri sune gidanta, ciki akwai laima a iska amma ƙasan ba caɓi bane, kuma da rani kusan a ramin take ƙare zamanta. Kaga kenan iskar ɗakinka a Kano ko Zinder a watan Janairu, lokacin da danshin iska ke sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, ba iskar da jikinta ya sani bace. Ita tana son kashi 60 zuwa 70, idan zata yi saɓa ma har kusan 80. Gashi ƙwai nata da farkon damina yake ƙyanƙyashewa, wato jaririyar da ka saya a watan Yuni ko Yuli zata yi saɓa biyu uku lafiya ƙalau kana ta murna, sai hunturu ya shigo ka rasa me ya canza.

Bari in faɗi yadda saɓa mai kyau take tukunna don mu san abun da muke kwatantawa da shi. Ƙaramar mesa mai cin abinci tana girma tana yin saɓa duk sati 4 zuwa 6. Da farko launinta ya dusashe, cikinta yayi ɗan ja-ja, sannan idanun suyi fari-fari da shuɗi na 'yan kwanaki, ta daina cin abinci ta shige maɓoya tana fushi. Sai idon ya washe kace ai an fasa, ba'a fasa ba, bayan kwana kaɗan zata goga hancinta a jikin wani abu mai kaushi fatar ta buɗe daga leɓe ta zare jikinta ta bar saɓar a juye, guda ɗaya tun daga kai har jela. Ka ɗauki saɓar nan ka warware ta a hankali ka duba abu biyu, murfin ido guda biyu suna jikin kan saɓar ko babu, da kuma tsinin jela ya fita ko ya tsaya. Maciji bashi da fatar ido mai kiftawa, wani ɓawo ne garai-garai ya rufe idon kuma shima tare da saɓa yake fita.

Matsaloli biyu manya da ke damun ƙananan mesa kishiyoyin juna ne, kuma duk zaɓin shimfiɗa a tsakaninsu yake. Kamar ƙafar mutum ce, da hunturu faso da kaushi, da damina idan ta daɗe cikin jiƙaƙƙen takalmi cin ruwa. Idan iska ta bushe saɓa zata fita gutsi-gutsi ta bar wani a wuya da baya da ido da jela. Idan kuma ƙasa ta jiƙe tayi datti da fitsari da kashi, ƙwayoyin cuta irinsu Aeromonas da Pseudomonas su samu wurin zama, ɓawon ciki ya fara ruɓewa. Abun da ke bani tausayi shine yawancin waɗanda mesarsu ta kamu da ruɓewar ciki masu kula ne, sunga saɓa ta maƙale aka ce musu danshi ne yayi kaɗan, sai suka dinga fesa ruwa safe da yamma har shimfiɗar ta koma taɓo, suka gudu daga wannan suka faɗa waccan. Danshi a iska ake so, wurin kwanciya kuma a bushe.

Toh takarda. Ko tsohuwar jarida, ko farar takarda, ko tishu mai kauri na kicin. Ba ta da kyan gani, wannan gaskiya ne, wanda ya kashe kuɗi ya sayi mesa mai launi yana so ya ɗauki hoto bazai so ganin jarida a ƙarƙashinta ba. Amma babu shimfiɗar da ke faɗa maka gaskiya kamar farar takarda. Ƙumar maciji, wasu ƙananan ƙwari baƙaƙe da basu fi kan allura ba, akan farar takarda da safe zaka gansu suna tafiya, idan ka danne ɗaya da farce ya bar ɗigon jini. Idan ƙurji ya fashe a cikinta zakaga tabon ruwa-ruwa mai ɗan rawaya a inda ta kwanta. Kashi da farin dunƙulen nan da ke fita tare da shi a madadin fitsari, duk a fili, ka naɗe takardar ka yar ka shimfiɗa sabuwa cikin minti biyu, babu wani datti da zai kwana a ƙarƙashinta. Ga sabuwar mesa da baka san inda ta fito ba wannan ba ƙaramin abu bane, musamman a nan inda da yawa daga cikin waɗanda ake saidawa daga daji aka kamo su ko aka kwaso ƙwan, irinsu sau da yawa suna zuwa da kaska a maƙale tsakanin ɓawo.

Aibin takarda shine bata riƙe laima ko kaɗan. Da hunturu idan takarda ce kawai a akwatin da kwanon ruwa, wallahi saɓa sai ta maƙale. Aibi na biyu wanda mutane basa lura dashi, idan mesa ta shiga kwanon ruwa ta kifar ko ruwa ya malala, takarda tana jan ruwan ya bi ko'ina har ƙarƙashin maɓoyarta, ita kuma bazata tashi ba, zata kwana akan jiƙaƙƙiyar takarda har ka dawo daga tafiya. Don haka kwanon ruwa ya zama mai nauyi mai faɗin gindi. Tawadar jarida kuma tana ɗan ɓata cikin mesa mai haske, ba cuta bace amma tana iya ruɗaka kace tabo ne, shiyasa na fi son farar takarda ga wadda ake sa ido akan fatarta.

Gyaran aibin farko mai sauƙi ne, ɗakin laima. Ka samu roba mai murfi irin ta bota ko ta ayis kirim, daidai wadda mesar zata cika ta idan ta naɗe, ka huda ƙofa a gefe, ka bi bakin hudar da wuta ko sanfefa don kada kaifin ya yanke ta, ka sa tsumma mai tsafta ko zaren kwakwa da ka jiƙa ka matse har ruwa ya daina ɗiga. Ka ajiye ta wajen tsakiyar akwati ko kusa da ɓangaren ɗumi. Dole kuma akwai wasu maɓoya busassu guda biyu, ɗaya a ɗumi ɗaya a sanyi, don ta zaɓa da kanta, idan ɗakin laima ne kaɗai wurin ɓuya toh ciki zata tare dindindin kuma ka dawo gidan jiya na ruɓewar ciki. Tsumman a canza shi duk bayan kwana biyu uku, ka sansana, idan ya fara warin ruma ya wuce lokaci. Wasu suna amfani da ƙaramar tukunyar ƙasa da aka fasa wa baki a kife, a jiƙa ta ta waje tana sakin laima a hankali ƙasanta a bushe, dabara ce mai kyau kuma tukunya ba tsada, sai dai wanke ta da wuya tunda tana shan datti, idan ƙuma ta shiga akwatin sai dai a yar da ita.

Ɓawon kwakwa shine wanda nake ganin yafi dacewa da mesa mai lafiya a busasshen yanayi irin namu, amma yanada sharuɗɗa. Iri biyu ne, akwai wanda aka daddatsa gutsi-gutsi kamar girman ɗan yatsa, akwai kuma garin nan mai laushi da masu rainon fulawa da tumatir ke cewa kokofit, wanda ke zuwa a matse sai an jiƙa ya kumbura. Duka biyun suna shan ruwa su riƙe, kuma basa saurin yin fumfuna kamar katako. Amfaninsa na gaske shine zaka iya samun abu biyun nan a lokaci ɗaya, ka zuba shi da kauri kamar santimita 5 zuwa 8, ka tsiyaya ruwa a kusurwoyin akwatin ba a saman ba, ruwan ya sauka ƙasa ya zauna, saman da mesa ke kwanciya ya kasance a bushe, laima tana tasowa a hankali. Gwajinsa da hannu ne, ka damƙi na ƙasan ka matse, idan ruwa ya ɗiga yayi yawa, idan yayi sanyi a tafin hannu ya ɗan dunƙule ba ɗiga toh daidai ne. Sannan ka ɗaga maɓoyarta ka taɓa ainihin inda take kwanciya da bayan hannunka, wurin nan shine mai muhimmanci ba sauran akwatin ba.

Tsakanin iri biyun na fi karkata ga daddatsattsen. Garin yana mannewa a baki da cikin ƙananan ramukan nan na leɓen sama da take jin zafin ɓera da su, yana shiga kwanon ruwa ya maida shi kunu, idan ya bushe ƙarau kuma ƙura yake zama. Daddatsattsen shi kuma haɗarinsa a wajen cin abinci ne, jaririyar mesa na iya haɗiye gutsure tare da ɓera, sai ka ɗora abincin akan faranti ko takarda. Idan daga wajen masu fulawa zaka saya ka tabbatar ba'a gauraya shi da taki ko maganin ƙwari ba, kuma ka wanke shi ka tsane don wani yana zuwa da gishiri. Wanda ke Legas ko Kumasi ko Akara samun ɓawon kwakwa ba wahala, a arewa sai an ɗan nema, amma mai haƙuri zai iya karɓar ɓawon wajen masu saida kwakwa ya daddatsa ya jiƙa ya ɗauraye sau da yawa ya shanya a rana.

Babban aibin kwakwa shine yana ɓoye abu. Ƙuma baƙa akan ɓawo mai duhu bazaka ganta ba sai tayi yawa, sai kaga mesarka ta tare a kwanon ruwa kwana da kwanaki, ka zubar da ruwan kaga baƙaƙen ɗigo a gindin kwano. Fitsari yana nutsewa ciki saman yayi kamar ba komai, sai wari ya tona. Kuma da damina, a watan Agusta da danshin iska ke haura kashi 70 shi kaɗai ba tare da ka ƙara komai ba, kwakwar da ka jiƙa bazata bushe ba, zakaga gumi a jikin bangon akwati da ƙananan ƙudaje. A wannan lokacin ka daina zuba ruwa kwata-kwata, ka rage kaurin, ko ka koma takarda har kaka.

Dusar katako ita ce tafi jan hankalin mutanenmu saboda mun saba da ita a kiwon kaji, buhu guda ba wani kuɗi ba a wajen masu yankan katako. Ban yarda da ita ba ga mesa, balle jaririya. Na farko baka san itacen da aka yanka ba, abun da aka share a ƙasan injin ne gaba ɗaya, har da katakon da aka shafa wa maganin gara da falankin da ke da gam a jiki. Wasu itatuwa masu ƙamshi irinsu fayin da sida mai ne a jikinsu da ke ƙona fata da hanyar numfashin maciji, wannan sananne ne a wajen masu kiwo. Na biyu idan ta bushe tana tsotse ɗan danshin da ke akwatin ta tada ƙura, idan ka jiƙa ta kuma cikin kwana kaɗan ta dunƙule tayi fumfuna, fitsari ya cakuɗe da ita. Wato ta haɗa aibin bushewa da aibin jiƙa a buhu ɗaya. Kaza a tsaye take akan dusa da ƙafa mai kauri, mesa da fatar ciki take kwance akai. A Turai da Amurka akwai wata tsaftatacciyar dusa ta itacen aspen da ake saidawa don macizai, ita ba guba a cikinta amma itama bata jure laima, tafi dacewa da macizan busasshen wuri.

Yashi da ɓuntun shinkafa ba sai na daɗe akansu ba, yashi yana shiga tsakanin ɓawo da baki kuma baya riƙe laima, ɓuntu yanada tsini. Ƙasar lambu da aka gauraya da kwakwa tana aiki a hannun wanda ya ƙware kuma ya tabbatar ba taki ba feshi, amma ba da ita ake fara koyo akan jaririya ba.

Akwatin kansa yana canza lissafin. Akwatin gilas mai murfin raga yana sakin laima da sauri, da hunturu ko kwakwa ka zuba sai ka rufe kamar kashi uku cikin huɗu na ragar da leda ko faranti. Babbar roba mai murfi da aka huhhuda gefenta tafi riƙe danshi kuma jaririyar mesa tafi samun natsuwa a ciki, da takarda da ɗakin laima da kwanon ruwa mai faɗi sau da yawa ta isa. Ita kuma da damina sai an ƙara huda. Ɗaki mai AC yana busar da iska ko da damina ne. Duk wannan bazaka sanshi da ido ba, ka sayi ƙaramar na'urar nan ta dijital mai auna danshi da zafi, ka ajiye ta ƙasa kusa da shimfiɗa ba a manne a saman bango ba, ɓangaren ɗumi ya zama wajen digiri 31 zuwa 32, na sanyi 25 zuwa 27. Da bazara ma matsalarmu sanyaya wurin ce ba ɗumamawa ba.

Akwai ciwukan da ba shimfiɗa ce ta kawo su ba amma ana ruɗa su da ruɓewar ciki. Ƙuna ce ta farko. Maciji baya saurin janye jikinsa daga abu mai zafi, zai kwanta akan tabarmar ɗumi da ba'a haɗa ta da tamostat mai daidaita zafi ba, ko ya naɗe ƙwan fitila, ko robar ruwan zafi da aka sa masa da daddare don an ɗauke wuta, har fatar ta dahu. Ƙuna takan zo a wuri ɗaya mai faɗi, a jere a tsawon inda ya taɓa zafin, kuma wani lokaci sai bayan kwanaki take bayyana. Ruɓewa kuwa warwatse take farawa, gefen ɓawon ciki yayi ruwan ƙasa ko ja kamar tsatsa, wasu ɓawon su ɗaga su yi kaushi, in tayi nisa sai ƙuraje masu ruwa. Jan cikin da ke zuwa kafin saɓa shi kuma bai ɗaya yake, sumul, ba tabo ba kumburi, kuma idanu zasu biyo baya da shuɗi, kar ka tsorata dashi. Sai cizon ɓera, wanda ya bar ɓera mai rai ya kwana da mesar da bata jin yunwa zai iya tashi ya tarar an gwigwiye mata baya har nama, wannan ba ƙaramin rauni bane kuma laifin mai kiwo ne ba na shimfiɗa ba.

Duk wanda ya faru a cikinsu, ƙuna ko cizo ko ruɓewa ko ƙuma, a ranar za'a kwashe kwakwa a wanke akwati a koma farar takarda, wannan ba zaɓi bane. Abun zaɓi shine a gida za'a yi jinya ko wajen likita.

Saɓar da ta maƙale a jiki aikin gida ne. Kar ka ɓare ta a bushe, sabuwar fatar ƙasa zaka yaga. Ka jiƙa tawul da ruwa mai ɗan ɗumi wanda hannunka zai ji kamar ba zafi ba sanyi, ka sa a roba mai huda, ka sa mesar ka rufe minti 20 zuwa 30 kana kusa, tana yawo cikin tawul ɗin saɓar na laushi tana fita, ragowar ka shafa da yatsa daga kai zuwa jela, wanda yaƙi fita ka barshi zuwa gobe. Ba man kaɗanya, ba man gyaɗa, ba basilin. Tsinin jela ka bashi muhimmanci, idan saɓa ta taru a wurin sau biyu uku tana ɗaure shi jini ya daina zuwa ya bushe ya guntule. Ido kuwa dan Allah kar ka kai masa hantsaki ko salatif, mutane da yawa sun makantar da maciji suna ƙoƙarin cire murfin da ma babu shi, don idon mesar da ke fama da ƙarancin ruwa yana yin 'yar lotsawa da yamutsewa kamar akwai saɓa akai. Ka gyara danshi ka jira saɓa ta gaba, yawanci tare suke fita, in bai fita ba sai likita.

Ruɓewar da bata wuce canjin launi a 'yan ɓawo ba, ba ƙurji ba rauni, itama ana iya farawa a gida, busasshiyar takarda da ake canzawa kullum, da Betadine, ruwan aidin ɗin nan na wanke rauni, da aka tsarma da ruwa har ya zama ruwan shayi mara kauri ana goga wurin sau ɗaya a rana, kuma kar ka sa ran tabon zai ɓace kafin saɓa ɗaya ko biyu. Dettol da Izal ba na jikin maciji bane kuma ba na wanke akwatinsa bane, irin sinadarin da ke cikinsu guba ne gare shi. Haka toka da baƙin mai da kanwa da duk abun da ake sa wa raunin akuya. Da zarar kaga ƙurji mai ruwa, ko ɓawo ya fita nama ya bayyana, ko jan yana yaɗuwa, ko jikinta yayi laƙwas, toh an wuce aikin gida, cutar na iya shiga jini kuma dabbar da bata kai giram 100 ba bata da ƙarfin jira. Mugunyar maciji ma kauri gareta bata tsiyaya da kanta, sai an buɗe an kwashe. Kar ka sayi allurar kashe ƙwayoyin cuta a kemis kace zaka ƙiyasta, wasu irinsu jentamaisin idan aka zarce awo ƙoda suke lalatawa. Ƙuna da cizon ɓera suma na likita ne, yakan bada man silba salfadayazin na ƙuna ya nuna maka yadda zaka shafa.

Ƙuma tafi kowanne buƙatar haƙuri, saboda ba a jikin macijin take yin ƙwai ba, a lungunan akwati da murfi take yi, kuma cikin sati 2 zuwa 3 wani sabon zubi ya taso, don haka ko ka daina ganinsu ka cigaba da takarda da wanki har wajen sati 6. Anan ne nake roƙon jama'a da babbar murya, Sniper da ota-fiya-fiya da maganin sauro na feshi kar su kusanci ɗakin da mesa take, zasu kashe ƙumar su haɗa da ita. Magungunan da ke aiki irinsu ibamektin da fifuronil likita ne zai auna gwargwadon nauyinta, kuma mai kunkuru a gida ya sani ibamektin yana kashe kunkuru. Kaska ita da sauƙi, a kama ta daf da fata da hantsaki a ja a hankali kar kan ya karye a ciki, a goga Betadine.

Idan ni zan zaɓa wa wanda ya kawo jaririyar mesa gida yau, roba mai murfi, farar takarda, ɗakin laima da busassun maɓoya biyu, na wata 2 zuwa 3, har sai tayi saɓa biyu cikakku tana cin abinci ba ƙuma ba tabo. Bayan nan idan hunturu ne ko bazara a koma daddatsattsen ɓawon kwakwa, idan damina ce a cigaba da takarda har ruwa ya ɗauke. Wanda yake yawan tafiya yana barin ta kwana uku huɗu ba mai dubawa, kwakwa tafi masa takarda ko da wane lokaci ne, don tana shanye ruwan da ya zube maimakon ta baza shi. Likitan dabbobin da ya saba da maciji yana da wuyar samu, yawancinsu shanu da kaji da karnuka suka fi gani, don haka ka nemi naka tun mesar tana lafiya, asibitocin koyarwa na likitan dabbobi a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri wuri ne mai kyau na fara tambaya, haka likitocin gidan zoo. Ranar da zaka kai ta ka sa ta a jakar yadi mai tsafta ka ɗaure baki ka sa cikin roba mai huda, kar ka ajiye ta a rana cikin mota, ka tafi da saɓarta ta ƙarshe a leda da hoton akwatin da na cikinta na kwanakin baya, sannan ka wanke hannu da sabulu duk lokacin da ka taɓa ta ko shimfiɗarta saboda ƙwayar cutar salmonela, musamman in akwai yara ƙanana a gidan.